Hannun Gwaggo a Kafaɗar Baba

Akwai wata mai gyaran hotuna a kwamfuta, a gidansu kowa Auta yake ce mata, duk da ita ma ta ajiye 'ya'ya biyu. Mahaifiyarsu ta rasu Auta tana goye. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta tattaro kayanta ta dawo gidan, ta raine su su huɗu.

Gwaggo tana da tabon ƙuna tun daga bayan hannunta na dama har gefen kumatu. Yaran sun taso sun gan shi, har sun daina ganinsa.

Da Yaya Babba ya gama gina wa Baba sabon gida, sai ya ce yana son ƙaton hoton iyali a falo. To amma 'yan'uwan a warwatse suke, tara su gaban kyamara ɗaya sai dai a mafarki. Auta ta ce kowa ya turo nasa, ita za ta haɗa.

Gwaggo ba ta turo ba. Da kanta ta zo shagon Auta, sanye da sabon mayafi ko ninkinsa bai saki ba, ta tsaya ƙiƙam kamar za a yi mata allura.

"Gwaggo, ki saki jiki mana."

"Ke dai ɗauka, kar ki sa in yi dariya haƙorana su ba ni kunya."

A manhajar da Auta take aiki, kowane mutum yana kan nasa leya, kamar fararen ledoji da aka ɗora ɗaya bisa ɗaya. Wanda yake sama shi yake rufe na ƙasa. Ta zaunar da Baba a tsakiya, ta tsayar da Gwaggo a bayansa. Sai ta so hannun Gwaggo ya dafa kafaɗar Baba. Jiki yana baya, hannu kuwa dole ya fito gaba, don haka ta yanke hannun ta ɗora shi a wani leya daban a saman na Baba. Ta saje haskensa da inuwarsa da rigar, har ka rantse tare aka ɗauke su.

Yaya Babba ya biyo shago ya duba aiki. Ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna allon da makullin mota.

"Auta, hoton nan bai cika da yawa ba? Manyan mutane ne fa za su riƙa shiga falon nan."

"Wa za a rage?"

Makullin ya tsaya a kan kumatun Gwaggo.

"Yaya, Gwaggo ce fa!"

Ya yi dariya. "Ke ba a yi miki wasa? Nuna min yadda abin naku yake aiki."

Nan ne Auta ta yi sake. Tunda take, Yaya bai taɓa tambayarta komai game da sana'arta ba, sai daɗi ya kwashe ta. Ta nuna masa jerin leyoyin, kowanne da sunan mai shi da 'yar alamar ido a gefe. Ka danna idon, mutum ya ɓace. Ka sake dannawa, ya dawo. Da ya ce mai buga hoton yana son fayil ɗin a buɗe don ya daidaita launi, ko gezau ba ta yi ba, ta tura masa.

Ranar tarewa falo ya cika maƙil. Ga surukai, ga abokan aikin Yaya. Aka shigo da hoton a lulluɓe, aka jingina da bango. Gwaggo tana gefe, cikin mayafin nan nata.

Yaya ya yaye ƙyallen, aka sa tafi.

Auta ba ta tafa ba. Bayan Baba babu kowa, sai labule. Ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Da hannunta ta nuna wa Yaya inda zai danna. Abin ya yi mata ciwo.

Gwaggo ta matso tana ƙanƙance ido. Ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ta sake dawowa farko.

"Au, ashe ban fito ba," ta ce a hankali.

Yaya ya yi caraf. "Wallahi aikin kwamfuta ne, Gwaggo. Kin san Auta da gaggawa."

Kun ji fa. Bai tsaya a cire mutum ba, har da neman wanda zai ɗora wa.

Baba ya miƙe. Ya dogara sandarsa ya je gaban hoton, ya kai yatsa kan kafaɗarsa ta cikin hoto. Sai a lokacin kowa ya lura. Hannu ne kwance a wurin, babu jiki, babu mai shi. A ƙaramin allo ya yi kama da ninkin riga, shi ya sa Yaya bai gan shi ba. Ya rufe idon da ke gefen sunan Gwaggo, bai san hannun yana wani leya daban ba. Yanzu ga shi a bango, tabon ya fito raɗau.

"Kwamfutar ce ta ɗauke mutum ta bar hannu?" in ji Baba.

Auta ta ce, "Baba, sai an danna da gangan. Ni na nuna wa Yaya wurin."

Baba ya juya wajen baƙi. "Wannan da ya gina gidan nan, yana yaro ya jawo kaskon mai yana tafasa. A kansa zai juye. Hannun nan ne ya tare."

Gwaggo ta gyara mayafinta, ta dubi Yaya, babu faɗa a muryarta.

"Ɗana, da ka faɗa min, ai da ban wahalar da kaina na sayi mayafi ba."

Yaya ya durƙusa yana cewa gobe-goben nan za a buga sabo. Baba ya ce a'a. Wannan za a rataye, a haka.

Har yau yana nan a falon. Duk baƙon da ya zauna, sai idonsa ya kai, ya tambaya hannun wane ne. Baba ba ya amsawa. Sai ya kira Yaya Babba, a waya ko a gabansa, ya ce, "Ga baƙo yana tambaya. Faɗa masa."

Darasi: Kada ka ji kunyar wanda ya yi tabo saboda kai, kada kuma ka ci amanar wanda ya buɗe maka aikinsa don ya yarda da kai. Kana iya ɓoye mutum daga idon jama'a, amma abin da ya yi maka yana nan. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai wanda ya kamata ya kira Gwaggonsa yau.