Kurege Likitan Zomaye

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kar ta wuce ku.

Hajiya Tasalla tana da zomo a keji, ƙato, shagwaɓaɓɓe, har ceri take sayo masa daga kanti, wani jan ɗan itace mai ƙwallo a ciki. Kurege kuwa yana kan katanga, yunwa na murɗa masa hanji.

Sai ya shafe jikinsa da farar ƙasa, ya rataya igiyar rama a wuya, ya diro. Kare mai gadi ya taso masa.

"Yauwa, kai nake nema!" in ji Kurege. "Ni ne likitan dabbobi, wanda ya taɓa yi wa giwa kaciya! Juyo, allurar hauka zan yi maka."

Kare ya shige ƙarƙashin mota, ko wutsiya bai bari a waje ba.

Kurege ya leƙa keji, ya dafe ƙirji. "Innalillahi! Ranka ya daɗe, wa ya ba ka wannan? Guba ce! Zomon ƙarshe da ya ci, kunnuwansa ne suka zube."

Zomo ya dafe kunnuwa. "Likita, ka cece ni!"

"Miƙo su nan, in kai asibiti."

Asibitin dai cikinsa ne.

Da gari ya waye ya dawo zagayen marasa lafiya, ya sake kwashewa. Sai dai da yamma Zomo ya jiyo Hajiya tana faɗa wa 'yarta: "Ki riƙa cire ƙwallon, shi ne ke cutar da zomo. Naman ba komai, in dai kaɗan ne." Yarinyar kuwa ta manta, ta zuba masa da ƙwallayen.

Da gari ya waye Kurege ya iso yana taƙama. Zomo yana lashe baki.

"Likita, na rage maka aiki. Na cinye naman, ga gubar na tara maka."

Kurege ya dubi tulin ƙwallaye, idonsa ya kawo ruwa. Amma girman kai!

"Ni da nake karya kumallo da tsakuwa?"

Ya jefa ɗaya a baki. Ƙaras! Haƙori ya tafi. Ya kurma ihu, "Tsiii!" irin na kakanninsa.

Kare ya leƙo daga ƙarƙashin mota. "Likita, wannan kukan na san shi!"

Wohoho! Sai tsere. Farar ƙasa na tashi, Kare ya cafke rabin gashin wutsiya, Kurege ya haye katanga da kumburarren baki.

Daga can sama ya leƙo, magana na fita da iska: "Marasa godiya! Ku nemi wani likitan. Gidan maƙwabta akwai aku mai tari, kuma gyaɗa ake ba shi!"

Ƙurungus, kan kurege mai giɓi.