Yawon Kwana Ɗaya da Ausma Ta Tsara wa Yayanta

Akwai wata mata a birnin Riga mai suna Ausma. A ɗakin karatu na unguwa take aiki, ba ta da yawan magana. Maƙwabta sun san ta da abu ɗaya: ita ta yi jinyar mahaifinta Zigurds shekara tara, tun ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi.

Ita ke juya shi a gado, ita ke masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki. A cikin shekarun nan ne wanda ke neman aurenta ya gaji da jira, ya auri wata.

Yayanta Imants kuwa yana Ireland. Tun da ya tafi sau biyu ya leƙo gida. Ranar da tsohon ya cika, Imants ya ce aiki ya riƙe shi, ya aiko da furanni.

Shekara uku bayan rasuwar, sai ga saƙonsa a waya: "Ranar Asabar za mu sauka da matata Orla da mahaifiyarta. Kwana ɗaya gare mu. Ki tsara mana yawo mai kyau a tsohon gari, tunda ke ba abin da ya sha miki kai."

Ausma ta yi niyyar share shi. Amma washegari Orla, wadda ba su taɓa haɗuwa ba, ta rubuto mata da kanta. Ta ce ta ƙosa su ga juna. Ta ce Imants ya ba su labarin yadda ya ajiye aikinsa ya dawo ya yi jinyar Baba har ya cika a hannunsa, kuma wannan labarin ne ya sa ta amince ta aure shi.

Sau uku Ausma ta karanta saƙon. Ba ta yi kuka ba. Ta jawo takarda da biro ta fara tsara yawo.

Maƙwabciyarta Velta, wadda ta sha taya ta ɗaga tsohon, ta ba ta shawara ta kira Imants ta wanke shi tas, kowa ya huta.

Ausma ta ce, "A gaban matarsa ya yi ƙaryar. A gabanta zai haɗiye ta."

Ranar Asabar ta tarye su da fara'a. Ta fara kai su hasumiyar cocin Bitrus, suka hau har sama. Imants ya miƙa hannu can tsallaken kogin Daugava yana nuna wa surukarsa asibitin da wai yake kai Baba duk mako. Ko ɓangaren garin bai dace ba.

Ausma ta ce, "Haka ne, Yaya."

Suka zaga lungunan tsohon gari, suka shiga babbar kasuwa, suka ci baƙin burodi da kifin banda. Duk inda aka tsaya sai Imants ya ƙara wani abu a labarinsa. Har ya kwatanta yadda yake hura wa tsohon miya kafin ya kai masa baki. Mahaifiyar Orla ta share hawaye ta dafa kafaɗarsa. Ausma ta tuna cokalin da ta riƙe shekara tara, ta ƙara masa kifi a faranti.

Da la'asar ta ce saura wuri ɗaya. Suka hau ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari har ƙarshen layi. Sai da suka sauka Imants ya ga ƙofar maƙabarta a tsakanin dogayen itatuwa, fara'arsa ta ɗauke.

Ausma ta sayi furanni a bakin ƙofa ta danƙa wa Orla. Sannan ta ja gefe.

"Shige gaba, Yaya. Ai ka fi kowa sanin hanya."

Ya shige. Ya yi dama, ya dawo, ya yi hagu. Yana tafiya yana satar karanta sunaye. Ya ce an sauya hanyoyin, ya ce itatuwa sun girma. Rabin awa suna biye da shi, mahaifiyar Orla na ɗingishi a baya.

Ƙarshe ya matso kusa da Ausma, ya yi ƙasa da murya da harshensu na gida: "Don Allah ƙanwata, ki rufa min asiri. Wane layi ne?"

Ta juya wajen Orla, ta ce mata da Turanci, dalla-dalla, "Mijinki yana tambayata inda kabarin mahaifinsa yake."

Sannan ta wuce gaba. Ko minti biyar ba a yi ba suka isa. Kabarin tsaf, an share rairayin gefensa da manjagara. Wata dattijuwa mai kula da kabarin mijinta a kusa ta gaishe da Ausma, ta tambayi ko su wa ta kawo. Da ta ji, sai ta ƙare wa Imants kallo ta ce, "Ashe Zigurds yana da ɗa namiji?"

Orla ta nemi a fassara mata, Ausma ta fassara ba ragi. Orla ta tambayi wa ya yi jinyar. Ausma ta gaya mata a taƙaice: shekarun, wankan, furannin da aka aiko ranar jana'iza. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan gaskiya ba.

Orla ta durƙusa ta ajiye furannin da hannunta. Ta rungume Ausma, ta kama hannun mahaifiyarta suka nufi ƙofa. Ko kallon mijinta ba ta yi ba.

Imants ya juyo wajen Ausma. Ya ce, "Kin kashe min aure. Hankalinki ya kwanta?"

Ta ce, "Kai ka samu an ɗaura naka, Yaya. Nawa a bakin gadon Baba ya mutu."

Ta bar shi nan tsaye.

Daga baya labari ya iso cewa Orla ta koma gidan mahaifiyarta, ta ce ba za ta iya zama da mutumin da ya saci wahalar ƙanwarsa ya yi ado da ita ba.

Velta ta tambayi Ausma ko yanzu zuciyarta ta yi sanyi. Ausma ta ce daɗin bai wuce tsawon hanyar komawa gida ba, kuma shekarunta tara ba su dawo ba.

"Amma da za a sake ranar, zan sake kai shi."

Darasi: Idan ba ka iya ɗaukar nauyin iyayenka ba, kada ka ƙara da ƙwace yabon wanda ya ɗauka. Mai haƙurin da ka raina yana ganin komai, kuma ranar da haƙurinsa ya ƙare, gaskiya kaɗai ta ishe shi ya tozarta ka. Ku tura wa duk wanda ya bar wa ɗan'uwansa jinyar iyaye, ko zai waiwayi gida tun suna raye.