Kwalbar Man Lantana

Da aka gano man fetur a ƙarƙashin gonakin Tudun Kuka, hakimi ya ce dole a haɗe su a haƙa rijiya ɗaya. Ya yanka wa Lantana mai ƙosai, wadda gonarta ke kusa da tasa, kwalbar mai guda a shekara. Ta ƙi.

"To, ki kwashe manki kafin Juma'a, ko ki rasa gonar," in ji hakimi.

Ran Juma'a ta zo fada da tulu da ludayi.

"Ranka ya daɗe, naka ne ya danne nawa. Ka ɗauke shi tukuna."

"Yaya zan bambance nawa da naki?"

"Yadda ka bambance har ka auna mini kwalba."

Hakimi ya kama tari. Aka raba man bisa faɗin gona, ashe tata ta fi tasa.