Sandar Zogale a Ƙofar Gizo

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da murhu."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Gizo dai masaƙi ne. Da ƙafa yake taka saƙarsa, da ita yake ci da gida. Wata rana ya hau kuka zai tsinko wa matarsa Ƙoƙi ganyen miya, reshe ya ɓalle da shi, ƙafarsa ta karye.

Aka kira Hawainiya mai ɗori. Ta ja ƙashin, ta jera kara, ta ɗaure. Sannan ta kafa sandar zogale a ƙofar ɗaki, ta ce, "Gizo, ranar da sandar nan ta yi ganye, ranar za a kwance. Kafin nan kada ka taka ƙasa."

Gida kuwa ba hatsi. Ƙoƙi ta shiga yi wa mutane dakau, tana dawowa hannu duk ya fashe. Gizo yana kwance yana kallo, abin yana cin ransa.

Ran nan ya ja gindi, ya tsinko ganyen zogalen maƙwabta, ya maƙala a sandar. "Ƙoƙi, zo ki gani!"

Ta taɓa, ganye ya faɗi. "Haba maigida, koma ka kwanta."

Kashegari ya liƙa da ƙaro. Rana ta ɗaga, ganye ya yanƙwane. "Maigida, ka ji tsoron Allah."

A rana ta uku ya ɗaure shi da zaren saƙa, siririn da ido ba ya gani. Ƙoƙi ta ja, bai faɗi ba. Ta rangaɗa guɗa, ta kwance masa ɗaurin da hannunta.

Gizo ya zauna kan saƙa. Ya taka, ya sake takawa. Sai ƙas!

Hawainiya ta zo, ta dubi ƙafa, ta dubi sanda. Ta ce, "Ni ka yi wa wayo, ko ƙashinka? Zan sake ɗorawa, amma ƙafar nan ta gama taka saƙa."

Ƙoƙi ta fashe da kuka. "Wayyo, ni na kwance!"

Gizo ya sunkuyar da kai. "Ba ke ba ce. Ni na ɗaura ganyen."

Ya kwanta. Kullum idonsa na kan sanda. Wata safiya ya hango ɗan toho, bai kira kowa ba, har sai da Ƙoƙi ta gani da kanta.

Da aka kwance, ya koma saƙa a lungun ɗaki, da hannu kaɗai, zare bayan zare. Aikin yini ya zama na wata. Abin da ya fara saƙawa ɗan ƙyalle ne, ya naɗe wa Ƙoƙi hannu.

Shi ya sa har gobe kuke ganin gizo a lungu, yana saƙa shiru. Jikokina, ciwo ba ya jin dabara. Wanda ya ƙi haƙurin wata guda, zai yi na dole har tsufa.

Ƙungurus kan kusu. A rufe wuta.