Mutumin da Kurmi Ya Daina Amsa Wa

An yi wani mutum a garinmu, can gindin duwatsun gabashin tsibirin Kaledoniya, wanda duk yankin babu mai kiran notu kamarsa. Ba zan faɗi sunansa ba, ya 'yan uwa, domin yana raye, kuma benci ɗaya nake zama da 'yarsa Odile a majami'a.

Notu ita ce babbar kurciyar kurminmu. Ta kai kaza girma, kukanta kuma kamar na sa daga nesa. Mutumin nan in ya haɗa tafukansa ya hura, sai ka ji kurmi ya amsa ta ko'ina. Baffansa Evariste ne ya koya masa, shi ne kuma babban gidansu.

Kowane gida a garinmu da aikinsa ranar cin sabuwar doya. Wasu su kawo itace, wasu kifi, wasu su gasa doyar farko. Gidansu mutumin nan su ne masu kawo notu tun kakanni. Da wannan aiki suke zama a tabarmar gaba kusa da sarki, da shi ake ba su baki in ana shawara. Gidan da ba shi da aiki ranar doya baƙo ne a garin, ko da kakanninsa ne suka sari dajin.

Dokar hukuma a fili take: watan Afrilu kawai, Asabar da Lahadi, tsuntsu biyar ga mutum a rana, kuma ba a sayarwa. Tsofaffinmu ma sun riga hukuma, don tun da can da an ci doya ake rataye bindiga. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Notu ƙwai ɗaya take yi a shekara, ɗaya tak, uwa da uba suna karɓa-karɓa a kansa.

Wata shekara, cikin Satumba, matarsa Honorine ta haihu ta sha wuya. Kwana tara ba ta cin komai. Ya zauna a bakin gadonta yana riƙe da hannunta.

"Me ranki yake so? Faɗi ko mene ne."

"Abin da nake so ba lokacinsa ba ne."

"Ke dai faɗi."

"Romon notu," ta ce, tana 'yar dariya a raunane. "Ka gani ko? Miƙo mini shayin nan kawai, sarkin tambaya."

Da gari ya waye ya sauke bindiga ya hau dutse. Hurawa ɗaya ya yi, sai ga tsuntsu ya sauko har reshen da ke saman kansa. Ko a Afrilu ba su taɓa zuwa da sauri haka ba. Namiji ne mai gadin sheƙa, ya ɗauka wani ne ya shigo masa gida.

Honorine ta sha romon tana hawaye. "Wannan kaɗai, Baban Odile. Yi mini alkawari."

"Na yi."

Wa zai zarge shi a kan wannan? Ni dai na kasa. Amma a ranar ya koyi abin da gara bai koya ba. Ya gane lokacin sheƙa kira ya fi ci.

Bayan wata guda sai ga Casimir, ƙanen Honorine, daga Numeya, babban birni, ya zo barka.

"Mijin Yaya, ashe ana samun romo a Satumba ba a gaya mana ba?"

"Magani ne, ba kwaɗayi ba."

"To ai ni ma ba ni da lafiya. Dubi yadda na rame." Ya daddaki tumbinsa, suka yi dariya. Sannan ya matso. "Maigidana zai aurar da 'yarsa. Na riga na cika baki, na ce ina da suruki wanda yake wa kurmi magana ya amsa. Kada ka sa a ce ni maƙaryaci ne. Uku kawai. Ka bar su da gashinsu, don mutanen birni su gani da idonsu ba kaza ba ce."

Mutumin nan ba mai son kuɗi ba ne, bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Abin da ya kayar da shi yabo ne. A ce masa babu kamarsa, shi ke nan an gama da shi. Ya ba da ukun. Kafin ƙarshen shekara Casimir ya aiko masa da firiza a bayan mota, wai tukwici.

Honorine ta shimfiɗa wa firizar zane, ba ta taɓa buɗe ta ba. In ya dawo daga dutse da buhu sai ta ce, "Ka tuna abin da ka ce mini?" Shi kuma ya ce, "Kurmin nan faɗi gare shi, Maman Odile. Na bana ne na ƙarshe."

Haka aka yi shekara uku. Bikin wancan, sunan wancan, baƙon wancan. Ma'aikatan gandun daji ba su taɓa kama shi ba, don ya fi su sanin hanya. Ya ɗauka tun da ba a kama shi ba, ba a gan shi ba. Ya 'yan uwa, ƙwan da ya huce a sheƙa ba ya kai ƙara wurin kowa. Kowane harbi rai biyu yake ɗauka, ɗaya a ƙasa, ɗaya a saman itace, shi kuwa na ƙasan kawai yake gani.

A shekara ta huɗu sarki ya sa ranar doya ƙarshen Afrilu. Asabar ta farko mutumin nan ya hau dutse ya hura. Shiru. Ya ƙara gaba ya hura. Shiru. Lahadi bayan sujada ya koma, ya haye rafi biyu, ya kai inda baffansa ya fara koya masa, ya yi ta hurawa har leɓensa ya tsage. Iska ce kawai a ganye. Mako uku yana haka.

Me ya kamata ya yi? Ya je wurin baffansa ya faɗi gaskiya. Da an yi faɗa, da an ji kunya ta cikin gida, da wataƙila an sami gyara. Amma mutumin da ya saba da yabo, hannu wofi ya fi masa mutuwa nauyi.

Da safiyar bikin ya yaye zanen nan ya buɗe firiza. Saura notu shida na Oktoba. Honorine na tsaye a bakin ƙofa.

"Kada ka kai wa doya wannan. Don Allah."

"To me zan kai? Hannuna?"

Ya tsoma su a rafi har suka saki, ya shanya gashinsu a rana, ya rataya a kafaɗa ya shigo fili kamar yadda yake shigowa kowace shekara. Mata suka yi masa guɗa.

Ana fige su a gindin mangwaro. Babbar masu figa Kaka Philomene ce, wadda idonta ya yi rauni amma yatsunta ba su manta komai ba.

"Ɗan nan, yau tsuntsayenka sanyi gare su."

"A rafi na tsoma su, Kaka, saboda ƙuda."

"To. Mu da muka tsufa ma a tsoma mu, ko ƙuda ya bar mu."

Aka yi dariya. Ta sa wuƙa ta tsaga jakar wuyan ta farko, inda tsuntsu yake tara abinci. Sai ta tsaya. A ciki akwai wani farin abu mai kauri kamar kindirmo. Duk macen da ta taɓa fige kurciya ta san shi. Nono ne, wanda uwa da uba suke ɗura wa ɗan tsako a baki. Notu ba ta da ɗa a Afrilu.

Ta tsaga ta biyu, haka. Ta uku, haka.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta naɗe ɗaya a ganyen ayaba kamar mai naɗe jariri, ta miƙe da ƙyar, ta ratsa fili ta ajiye a gaban Baffa Evariste. Tsohon ya buɗe, ya duba.

Ba a dafa su ba. A gindin mangwaron aka binne su. A ranar garinmu ya ci sabuwar doya gaya, abin da mafi tsufa a cikinmu bai taɓa gani ba.

Washegari mutumin nan ya zo gaban sarki da dattawa da kayan neman gafara, turmin atamfa da taba, ya ajiye a tabarma ya durƙusa. A wurinmu in wanda aka yi wa laifi ya ɗora hannu a kan kayan, magana ta ƙare. Sarki ya dubi Baffa Evariste. Tsohon ya miƙa hannu, ya dafa atamfar.

"Ɗana, nawa na yafe. Ni na sa maka kiran nan a baki, ina da nawa kason. Amma ba ni kaɗai ka yi wa ba. Waɗanda ya kamata su dafa wannan tare da ni, kai da kanka ka neme su mako uku ba ka same su ba. Ba ni da ikon dafawa a madadinsu."

Mutumin ya kifa kai a gwiwar tsohon yana kuka, tsohon yana shafa masa ƙeya.

Ba a doke shi ba, ba a kore shi ba. Sarki ya karɓi bindigar, ya rufe kurmin shekara bakwai, ya ce in an buɗe wani gida ne zai riƙa kawo notu. Aka janye tabarmar gidansu daga gaba. Baffa Evariste ya rasu bayan damina biyu, yana zama a baya tare da baƙi, shi da bai taɓa harbin ko ɗaya lokacin sheƙa ba.

Har yau mutumin yana nan. Yana noman doyarsa, yana gaida kowa a hankali. Ranar biki yakan zauna can ƙarshen fili, Honorine ta ɗauko kwanonta daga cikin mata ta je ta zauna kusa da shi su ci tare. Ƙannen Odile sun girma ba wanda ya iya haɗa tafi ya hura, domin ubansu ya ƙi koya musu.

Ya 'yan uwa, ban kawo wannan don mu yi masa dariya ba. Ban san ko ni zan fi shi ba. Zunubinsa da tausayi ya fara, yabo ya rene shi, kunya ta ƙarasa shi. Allah da ya halatta mana naman daji shi ne ya sa wa kowace halitta lokacinta na hutu da reno, kuma lokacin nan ba namu ba ne. Wanda aka ba baiwa amana aka ba shi, ta gidansu, ta garinsu, da ta abin da ba shi da bakin yin ƙara. In ka yi kuskure na farko, tsaya nan. In ka yi na biyu, je ka faɗa da bakinka tun ana iya gyarawa. Mutane suna yafewa, kun dai gani. Amma yafiya ba ta mayar da abin da aka ƙarar.

Allah ya sanyaya wa bawan nan nasa da matarsa. Allah ya mayar wa kurminmu muryarsa. Mu kuma, daga yabon da ke rufe ido da kunyar da ke hana gaskiya, Allah ya kiyaye mu. Amin.