Ladan Kura

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, kunnuwanmu na jiranta.

Wani Doki ne mai yawan firgita, ko ganye ya motsa sai ya zabura. Da ya gaji, ya bar goɗiyarsa tana kiwo, ya tafi wurin Kura neman magani.

Kura ta ba shi wani gari, ta ce, "Sha da kanwa, yallaɓai."

Doki ya ce, "Me zan ba ki lada?"

Miyau na zuba, ta ce, "Goɗiya kawai."

Shi kuwa godiya ya ji, ya yi ta zuba mata ita.

Ya sha, jikinsa ya mutu. Da hantsi Kura ta zo ta ja goɗiyar. Yana kallo, ko kunne ya kasa kaɗawa. Ashe dā zaburarsa ce ke tsare su.

Ƙurunƙus kan kusu, nan na sauke ta.