Gurgun Ƙarya da Hanyar Ruwa

Da ba a hana mu rantsuwa ba, da na rantse muku cewa ba za ku yarda da wannan misali ba. Ku dai gyara zama, ba kullum ake samun irinsa ba.

Akwai wani mutum a ƙasar Amurka, sunansa Yosiya, a zamanin da mutanen ƙasar suke kwarara yamma da kekunan shanu suna neman gonaki. Mutum ne mai wayo, bakinsa kamar zuma, hannunsa kuwa bai san ƙotar fartanya ba. Ya kwashi matarsa Tabita da 'ya'yansa, suka yi ta tafiya har shanunsu suka rame, sa'an nan suka faɗa wani kwari wanda a lokacin yana cikin ƙasar Meziko.

Dattijon kwarin, wani manomi mai suna Anselmo, ya ga yaran da busassun leɓuna, ya ji tausayi. Ya yanka wa Yosiya gona, ya kuma gaya masa dokar wurin. Ruwan sama bai cika sauka a kwarin ba. Abin da yake rayar da alkamarsu wata doguwar hanyar ruwa ce da kakanninsu suka haƙa tun daga gindin dutse. Kowace shekara yashi yakan cike ta, don haka kafin ƙanƙarar kan dutse ta narke, kowane gida yakan fito gayya da shebur a yashe ta. Wanda bai haƙa ba, ba a sakar masa ruwa.

Ranar gayyar farko, sai ga Yosiya ya fito da ƙafa naɗe da tsumma, yana ɗingishi, yana nishi kamar zai cika. Ya ce keken shanu ne ya taka shi a hanya. Anselmo ya dubi ƙafar, ya ce wa 'ya'yansa su haƙa rabon baƙo. Da shekara ta kewayo, ciwon ƙafar ya sake tashi, a daidai ranar. A gida kuwa Yosiya yakan kwance tsumman, ya taka rawa, ya ce wa Tabita duk kwarin nan babu mai kai irin nasa, ga alkama yana ci, ga tafin hannunsa kamar na jariri. Ita dai takan ce masa ya ji tsoron Allah.

Ana nan sai yaƙi ya tashi tsakanin ƙasashen biyu. Amurka ta fi ƙarfi, aka ja iyaka zuwa kudu, kwarin ya koma hannun mutanen Yosiya. Da ya ga sojojin da suke magana da harshensa, sai idonsa ya sauka a kan gonar Anselmo, ya ga tasa ta yi masa kaɗan. Ya ɗauki wata tsohuwar bindigarsa mai tsatsa, wadda ko kaza ba za ta kashe ba, ya cusa ta cikin rumbun dattijon. Sa'an nan ya je wurin hafsan sojan, ya raɗa masa cewa ana shirya tawaye.

Aka bincika, aka sami bindiga. Aka kori Anselmo da iyalinsa zuwa hayin babban kogi, inda sabuwar iyaka take. Sauran gidajen suka tsorata, suka ɗaure kaya suka bi shi. Yosiya ya hau kan tudu, ya nuna wa matarsa gabas da yamma, ya ce duk nasa ne, ko harsashi ɗaya bai harba ba.

Tabita ta ce, “To, maigida, wa zai yashe mana hanyar ruwa?”

Ya yi dariya. Amma da ƙanƙara ta narke, ruwan ya gangaro, ya tarar da yashi ya toshe hanya, ya juya ya bi wani kwazazzabo. Yosiya ya ɗauki shebur, kafin rana ta yi tsaka hannuwansa sun yi bororo, abin da ya haƙa bai wuce tsawon kabari ba. Alkama ta yi ja, ta kwanta. Yaran suka koma da busassun leɓunan da suka zo da su.

Sai ya tashi da sassarfa zuwa bakin kogi, ya aika a kira masa Anselmo. Dattijon ya fito a wancan hayi, ya tsufa ƙwarai, gama matarsa ta rasu a hanyar gudun. Yosiya ya ɗaga murya, ya roƙe shi ya komo, ya ce a mance da abin da ya wuce.

Anselmo ya daɗe yana dubansa, sa'an nan ya ce, “Maƙwabci, na ga ƙafa ta warke.”

Yosiya ya dubi ƙafarsa. Garin sauri ya mance da tsumman.

“Tun ranar farko mun san lafiyarta lau,” in ji dattijon. “Shekarar fari hagu ka naɗe, ta biyu dama. Don yaranka muka haƙa. Ka ce ƙasa kake so, ga ta nan ka samu. Mu kuwa yanzu baƙi ne a wurin da aka binne iyayenmu.” Ya juya ya tafi.

Yosiya ya koma ya ci gaba da haƙa shi kaɗai. Wata rana dutse ya gangaro ya murƙushe masa ƙafa. Ya naɗe ta da tsohon tsumman nan, ya zauna a bakin busasshiyar hanyar, yana kira. Ba wanda ya amsa.

Ma'anar wannan misali ita ce: hanyar ruwan alherin Allah ce, wanda yakan iso gare mu ta hannun maƙwabta. Tsumman shi ne ƙaramar ƙaryar da muke yi muna dariya, muna tsammani ba a gane mu ba, alhali haƙuri ake yi da mu. Bindigar kuwa sharrin da mai ƙarfi yakan ƙulla wa marar ƙarfi ne, ko mutum ne ko ƙasa ce, in yana son abin hannunsa. Ya ku 'yan'uwa, kafin ku matsa iyakar gona ko ku ture wani daga wurinsa, ku duba ko shi ne yake haƙa rabonku bai gaya muku ba. Yosiya ya gane wannan, amma a lokacin kogi ya riga ya shiga tsakaninsu.